Numfashin da Aka Bari a Ƙarƙashin Tabki

A wannan gaɓa ta Tabkin Superior, rana ba ta gaggawar faɗuwa a watan Yuli. Sai ta tsaya a kan ruwa tana jan ƙafa, magariba ta yi tsawo har mutum ya gaji da ita. A irin wannan yammaci ne Toivo Rautio yake bayan gidansa yana ɗauraye rigunan roba na nutso yana shanyawa. Ya dawo da baƙinsa shida lafiya daga nutso, ya ɗaure jirginsa na haya a matsayar jirage, matarsa Lorraine tana soya farin kifi a kicin. 'Yarsu Aili tana zaune a kan matakala, ba ta ko cire rigar ruwan ba.

Ita ce mai sauka da baƙi ƙasan tabki, tun shekaru biyar da suka wuce da huhun uban na hagu ya fashe, likita ya ce in ya sake nutso kada ya dawo wurinsa. Yarinya ce mai surutu kamar ta ci aku, amma ranar tun da ta fito daga ruwa ba ta ce uffan ba.

Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Toivo ya ɗaga kai, bai ga kowa ba. Na biyu ya fasa tagar kicin, ya kifar da kaskon suya, mai ya watsu a hannun Lorraine ta kwarma ihu. Da Toivo ya tsinci dutsen sai ya ji shi jiƙe sharkaf, da sanyin da ke ƙona tafin hannu. Jan dutsen tama ne, irin wanda babu shi a duk wannan gaɓa sai a cikin tumbin jirgi ɗaya.

Jirgin nan sunansa Orla Brandt. Ya nutse da lodin tama sama da shekara ɗari da talatin da suka wuce, kuma ruwan sanyi ya adana shi kamar jiya aka ƙera. A bayansa akwai ɗakin kuku, murhun yana nan, cokula na rataye. Masu nutso na yankin suna da ka'ida tun ta iyayensu: ka kalla, kada ka taɓa, kada kuma ka daɗe a cikin ɗaki, domin numfashin da ka fitar taruwa yake a ƙarƙashin rufi ya ci katakon. Toivo ya san wannan sarai. Amma da ya ga jiragen wasu suna kwashe masa baƙi, sai kwaɗayi ya ba shi dabara. Ya sa Aili ta sauka da tukunyar iska huɗu ta juye su a ɗakin kukun, har iska ta taru a sama yadda mutum zai cusa kai ya cire abin shaƙar iska daga bakinsa ya yi magana a ƙasan tabki. A nutson wannan ranar ce ita ta fara gwadawa a gaban baƙi. Ta sa kai, ta yi dariya, ta ja numfashi.

Da duhu ya fara sauka, Aili ta yi tari, ruwa ya zubo daga bakinta kamar cikin kofi guda, mai sanyi, da ɗan yashi a ciki.

A asibiti sun ɗauka ciwon nan ne da ke kama wanda ya taso daga zurfi da gaggawa. Suka kwantar da ita, suka yi hoton ƙirji, da safe suka ce ba su ga komai ba, suka sallame ta. Da gaskiyarsu, domin da rana ƙalau take, sai dai shiru. Magariba ce ba tata ba.

Magariba ta biyu, Toivo ya same ta kwance a ƙasan bahon wanka cike da ruwa, idanu buɗe, ba kumfa ko ɗaya. Ta uku, ta toshe ƙasan ƙofofi da barguna ta buɗe duk famfunan gidan. Lorraine ta je kashewa, sai Aili ta damƙe ta a ƙeya da hannu ɗaya ta danna kanta cikin ruwan wanke-wanke. Toivo ya ga ƙafafun matarsa suna shure-shure. Ya rungumo 'yar ta baya da duk ƙarfinsa, ta yi wurgi da shi ya daki murhu, ya ji haƙarƙarinsa ya yi ƙas. Bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan hannu ba tun haihuwarta, amma ranar nan sai da ya kwaɗa mata kujera a kafaɗa kafin ta saki uwarta. Duwatsu kuwa suna ta sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Lorraine tana zaune cikin ruwa tana haki ta ce, “Toivo, wannan ba 'yata ba ce. Kai ka san abin da ka yi. Ka je ka kira Hilja.”

“Tsohuwar nan mai ƙaho? A ce mun koma tsafi?”

“A ce mana! Ka sa kunne a ƙirjinta ka ji.”

Ya sa kunne. Ruwa ne ke ɓulɓula a ciki, kuma ya fi na jiya hawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da huhunsa ya fashe.

Hilja Maki ta haura tamanin. Ƙaho ta gada wurin kakarta da ta zo daga Finland, tare da wani tsohon littafi na addu'o'in korar cuta wanda ba ta barin kowa ya buɗe. Ta iso washegari da la'asar sakaliya, ta ji labarin tukunyar iska, ta dubi Toivo sama da ƙasa.

“Ɗan Eino, ubanka ya yi shekara arba'in a tabkin nan bai ɗauko ko ƙusa ba. Kai kuma ka fi shi wayo, ko? Je ka hura wutar ɗakin surace. Ka sa itace har duwatsun su yi ja.”

Suka ɗaure Aili a kan benci da igiyar jirgi. Rana ta taɓa ruwa, tsuntsayen gaɓa suka yi tsit. Hilja ta yi tsaga ƙanana a bayan yarinyar ta kafa ƙaho shida, tana karanto littafinta a hankali. Da ta cire na farko, ba jini ya zubo ba, ruwa ne. Ta ɗebi ludayi ta watsa wa jajayen duwatsu, turiri ya turnuƙe ɗakin.

Aili ta banƙare har igiya ta nutse cikin naman hannunta. Wata murya ta fito daga bakinta, mai kauri, kamar ana magana daga cikin randa.

“Kashe wutar nan, tsohuwa.”

“Sai ka faɗa mini ko kai wane ne.”

Wani jan dutse ya tashi daga murhu da kansa ya sami Hilja a goshi. Jini ya rufe mata ido ɗaya. Ba ta ko shafa ba, ta ƙara watsa ruwa.

“Ina ƙasan can tun kafin a kafa garinku,” in ji muryar. “Jirgi ya faɗo mini, na ɗauki ɗakin kuku na zauna. Kuna zuwa kuna leƙe da fitilu, na ƙyale ku. Sai kuka cika mini ɗaki da bushewa. To, ni ma na sami ɗaki a wurinku, ina cika shi da ruwa. Saura kwana biyu ya cika.”

Toivo ya durƙusa. “Ka ɗauki jirgina. Gobe in kai shi can in nutsar maka.”

“Me zan yi da kwandon robarka?”

“Yarinya aiken uba ta yi,” in ji Hilja. “Ba ka da hakki a kanta. In ka ƙi, ni da kai a ɗakin nan har itacen garin ya ƙare.” Ta ɗaga ludayi.

Sai muryar ta ce, “Wanda ya yi dabarar zubawa, shi zai kwashe. Da hannunsa, ba aike ba. Kafin rana ta faɗi gobe. Ku zo mini da ita kan ruwa. Zan fita yanzu, amma ruwana yana nan a ƙirjinta jingina.”

Lorraine daga bakin ƙofa ta ce, “Huhunsa ɗaya ne! Inna Hilja, ki gaya masa!”

“Ya sani,” in ji Toivo. “Na yarda.”

Ƙofar ɗakin ta fizge daga mazauninta, wuta ta mutu lokaci guda, wani sanyi ya ratsa ta tsakaninsu ya nufi tabki. Aili ta buɗe ido ta ce, “Baba, me ya sami goshin Inna Hilja?” Ƙirjin dai yana nan yana ɓulɓula. Hilja tana tattara ƙahonta ba ta dubi kowa ba, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Da hantsi Lorraine ta tuƙa jirgin har suka kai inda Orla Brandt ya nutse. Aili tana kwance cikin bargo, leɓunanta sun yi shuɗi. Da ta ga uban yana ɗaura tukunyar iska a kan karyayyen haƙarƙari, ta yi yunƙurin tashi.

“Baba, ba ni. Ni na juye, ni zan kwashe.”

“Ke da ko tsayuwa ba ki iyawa? Kwanta, sarkin taurin kai. Wa kika gado ne?”

“Kai mana.”

Ya bi igiya ya sauka. Ruwan ya tashi daga kore ya koma baƙi, sanyi ya kama masa haƙora. Ya shiga ɗakin kukun ta ƙaramar ƙofa, ya ga iskar can sama tana ƙyalli kamar farantin azurfa, ya ji kunyar kansa. Ya kafa ƙarfen huda katako a rufin ya fara murzawa. Katakon oak ne mai kauri, kowace murzawa kamar ana soka masa wuƙa a gefe. Bai waiwaya ba, ko da yake ya san akwai mai kallonsa daga wajen murhu. Ya huda ɗaya, ya huda biyu, ya huda uku. Iskar ta yi ta zurarewa tana kuka, ruwa yana hawa, har ya taɓa rufin ko'ina. Ya shafa da tafin hannu kusurwa-kusurwa, ya kore ɗan abin da ya maƙale.

A hanyar tasowa ne, saura kaɗan ya kai haske, ya ji abin da ya taɓa ji shekaru biyar baya, amma wannan karon a huhun dama.

Hannaye suka fizgo shi cikin jirgi, kuma ba na Lorraine ba ne kaɗai. Ya kwanta rigingine, jan kumfa yana fita ta bakinsa da hancinsa. Lorraine tana ta ihu a rediyo tana kiran masu ceto. Aili ta tallafe kansa tana kiran “Baba! Baba!” da muryar da ta cika tabkin.

Ya kamo wuyan rigarta ya jawo ta ƙasa, har ƙirjinta ya zo daidai kunnensa.

“Yi shiru,” in ji shi da ƙyar. “Ja numfashi in ji.”

Ta ja, mai tsawo, ta sauke. Babu ɓulɓula, babu komai, sai iska tana shiga tana fita.

“Ƙara.”

Ta ƙara. Ta yi ta ƙarawa tana kuka, har jirgin ceto ya iso, ba ta lura da lokacin da hannunsa ya saki rigar ba.