Ranar Da Aka Kama Uwar Nuf

Rana ta take a Jidda, irin wadda ko kyanwoyin unguwar Hindawiyya sai sun shige ƙarƙashin mota, amma Fatimatuzzahra tana can saman bene a durƙushe bayan tankin ruwa, ta cusa mayafi a baki don kada kukanta ya fito! Ba komai ta ji ba fa illa jiniyar motar asibiti da ta wuce. Tankin ya ƙona mata kafaɗa har fata ta tashi, ko motsi ba ta yi ba... Allah sarki baiwar Allah, a zatonta 'yan jawazat ne, masu kamun baƙi, suka zo su raba ta da 'yarta Nuf.

Ku gyara zama ku ji yadda aka yi. Zahra 'yar Gusau ce, marainiya tun tana goye. Tariq kuwa ɗan ƙasa ne, haifaffen Hindawiyya, jikan alhazan nan da suka zo a ƙafa. Shi ya je har gida ya auro ta da izinin hukuma, ya yi mata iƙama, wato takardar zama, irin ta matar ɗan ƙasa, da ita ta samu aiki a wani shagon ɗinkin abaya a Khumra. Zama ya yi daɗi, ga Nuf ta fara wayo, sai rana ɗaya kwantena ta tsinke a tashar jiragen ruwa ta faɗo kan Tariq... Inna lillahi! Ko kwana bai yi ba.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba yayarsa Areej, wadda Zahra ke kira Abla, ta karɓe fasfo da iƙamar Zahra, wai za ta adana mata. Areej ɗin nan, jama'a, mace ce mai zaƙin baki a waje, a gida kuwa ko tsaka ba ta son gani a bangonta. Benen da Tariq ya bari take so, kuma ta san duk mai riƙe da Nuf shi ke riƙe da bene. Ranar da Zahra ta fita takaba ta zura abaya za ta koma aiki, sai ta tarar da Areej ta tokare ƙofa.

“Ina zuwa, ya madam?”

“Abla, shago zan koma, mu samu abin da za mu ci ni da yarinya.”

Areej ta tafa hannu ta sheƙe da dariya. “Shago? Kafilinki, mijin da ya tsaya miki, yana kabari, ke kina zancen shago! Iƙamarki ta mutu ranar da ya mutu, halas. Ki taka titin nan ki gani, a jirgi za ki kwana. Nuf kuwa 'yar ƙasa ce, ko takalminta ba zai bi ki ba.”

Zahra ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta tana kuka. “Abla, ki rufa min asiri don Allah! Ba ni da uwa ba ni da uba, Nuf ce kaɗai gare ni a duniya...”

To, rufin asirin da aka yi mata ke nan: aka kore ta ɗakin tarkace na saman bene, aka sauko da Nuf ƙasa. Wanki ita, goge matakala ita, girkin gida kaf ita, sai kowa ya ƙoshi a miƙa mata ƙanzon shinkafa. Abin da ya fi ci mata zuciya, Areej ta hana yarinyar ce mata Mama, wai Dada za ta riƙa cewa, kamar yadda ake kiran mai raino. Ranar da Nuf ta kwanta zazzaɓi, Zahra ta lallaɓo ta ɗora mata hannu a goshi, marin da ta sha sai da kunnenta ya yi kwanaki yana ƙara. Ta koma sama ta shimfiɗa darduma. “Ya Allah, Kai ka ba ni ita, kada ka bari a raba mu. Ko zan mutu a bauta na yarda, in dai ina jin muryarta...”

Ana nan sai wasu manyan mata suka zo ganin 'yar Areej, ɗansu ke son aurenta. Zahra ta shigo da gahawa kanta a ƙasa, Areej ta yatsina fuska ta ce, “Shaggalarmu ce, 'yar aiki, ba ta jin komai.” Ai kuwa sai Nuf ta diro daga kujera ta rungume ƙafar uwarta, da Hausarta mai karyewa ta ce, “Ba Dada ba ne! Mama ne, Mama nawa!” Baƙi suka kalli juna, Areej ta yi murmushin da bai wuce haƙori ba.

Washegari da hantsi Areej ta buga wa 'yan jawazat waya da kanta, ta ce akwai 'yar aiki marar takarda a gidanta, a zo a kwashe ta. Da motar ta tsaya, Zahra ba ta ɓuya ba, ƙarfin gudun ma ya ƙare mata. Nuf ta ƙanƙame wuyanta tana ihu, aka yi aka yi ta ƙi saki, dole aka tafi da su biyun, Areej ta bi su a tasi tana huci don ta karɓo yarinya.

A ofis, wani jami'i mai furfura a gemu, Thamer, ya sa Zahra ta ɗora yatsa a na'ura. Hawayenta na ta ɗiga kan gilashin. Ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ɗago ya dubi Areej.

“Kika ce wace ce wannan?”

“Shaggala ce, ya sidi, ta fi shekara tana min aiki!”

“Madalla. A kan kafalarki take?”

“A'a...”

“Wato kin ajiye 'yar aikin da ba taki ba fiye da shekara, kin kuma faɗa da bakinki. Wannan laifi ne.”

Nan take Areej ta juya harshe. “La, la, ba 'yar aiki ba ce! Matar ƙanena ce marigayi, wallahi 'yar'uwa ce!”

“To kin yi wa hukuma ƙarya ke nan. Zaɓi ɗaya, hajiya, kowanne akwai kujerar zama a ciki. Kuma ina takardunta?”

Jama'a, bakin nan mai kaifi sai ga shi yana buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka jefo kan tudu! Jami'in ya juya ga Zahra ya sassauta murya. “'Yar'uwa, wa ya ce miki zamanki ya mutu? Ke uwar 'yar ƙasa ce. Iƙamarki ba ta buƙatar kafili, za a sabunta miki ita, ki yi aikinki, ki riƙe 'yarki.”

Zahra ta dube shi kamar ba ta ji ba. “Ba za a sa ni a jirgi ba?”

“Sai in ke kika sayi tikiti.”

Sai ta faɗi ta yi sujada a kan tayil, kuka take, Nuf na share mata hawaye da gefen riga.

Areej dai ta kwana a hannu, aka ci ta tara, aka sa ta fito da fasfo daga ƙasan akwati. Kafin ta dawo gida labari ya gama Hindawiyya, masu neman aure ko waya ba su ƙara ɗauka ba, kotu kuma ta damƙa wa Zahra 'yarta da benenta. Yanzu kullum da safe in motar Khumra ta yi ham, Zahra kan sauko riƙe da hannun Nuf, ta tsaya daidai tagar ɗakin ƙasa inda Areej ke zaune ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: “Ina kwana, Abla!”

Kuma wallahi sai ta amsa.