Akuyar Marainiya

Kukan jaririyar ya daina fita da ƙarfi, ya koma wani siririn nishi mai tsinka zuciya, Baturiya kuwa ba ta da abin ba ta sai ruwan koko da ta tace da tsumma! Ta ɗiga mata a baki da ƙaramin cokali, Hasana ta haɗiye da ƙyar, can kuma ta dawo da shi ta hanci. "Wayyo Allah... Hasana ki yi haƙuri ki sha, don girman Allah ki sha," ta ce, hawayenta na sauka a goshin yarinyar. Ta leƙa tsakar gida ta dubi turken da ke gindin dalbejiya, babu komai sai igiya a yashe, da ɗan akuya yana zagaye yana kiran uwarsa.

Baturiya marainiya ce, a gidan ƙanin mahaifinta Baffa Labaran ta tashi a garin Ƙofa, ita da yayarta guda ɗaya tilo. Yayar ta rasu wajen haihuwar tagwaye, Usaina ta bi uwarta tun kafin suna, mijin kuma ya tafi ci-rani Kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hasana kaɗai ta rage, a hannun budurwar da ba ta da nonon ba ta, a shekarun nan da madarar gwangwani ta zama sai gidan mai hali.

Ƙungiyar Zumuntar Mata ta Ƙofa ce ta share mata hawaye. Kowace Alhamis suna taruwa a gidan shugabarsu Hajiya Habiba, su share ɗakin shan magani, su dama kunu su kai wa marasa lafiya har Bebeji. Baturiya ba ta da abin bayarwa sai ƙarfinta, da shi ta shiga, aka ɗaura mata koren ɗankwalin 'yan ƙungiya, ranar har rawa ta taka don murna. Akwai wata dattijuwar Bafulatana a cikinsu, Adda Halima, ita ta kawo musu irin aron da ake yi a ruga: a ba mabukaci akuya mai shayarwa, ya sha nonon, ya riƙe 'ya'yan, daga baya a miƙa uwar ga wani. Sharaɗin ɗaya ne, ba a sayarwa, ba a yankawa, in ta mutu a kawo fatarta shaida. Daga garkenta Adda ta zaɓo wata jar akuya aka ba Baturiya, Hasana ta fara kumatu, har ta fara murmushi...

Sai ga wata safiya Baturiya ta dawo daga rijiya ta tarar da Baffa Labaran yana ɗaure akuyar a bayan kekensa.

"Baffa, ina za ka kai ta? Baffa ta ƙungiya ce fa, amana ce!"

"A gidan ƙungiya take cin dusa ko a gidana?" ya daka mata tsawa. "Kin ga, Baturiya, ni ne ubanki yanzu. In na ji sunana a bakinki a gaban waɗannan matan, wallahi sai na ɗaga miki hannu na sallame ki, ki kwashi wannan abar ki san inda za ki kai ta!"

Ta zube ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ya fizge ya hau keke. Da la'asar ya dawo da sabon rediyo mai kaset a rataye a kafaɗa.

Ranar Alhamis aka kira ta gaban taro. Tana durƙushe a tsakiyar tabarma da Hasana a bayanta, Hajiya Habiba ta ce, "'Yar nan, ina akuyar mutane? In mutuwa ta yi, ina fata?"

Baturiya ta sunkuyar da kai. Yaya za ta kira ƙanin ubanta ɓarawo a gaban matan gari? Ina za ta kai jaririya in ya kore su? Sai hawaye kawai, shar-shar.

Nan Zuwaira matar Baffa, wadda ita ma 'yar ƙungiya ce, ta gyara mayafi ta ce, "Hajiya, ni kunya ce ta hana ni magana. Yarinyar nan ido ya buɗe! Ita ta ba wani saurayinta ya kai kasuwa, wai tana tarin kayan kwalliya. Malam har ciwon kai ya kwantar da shi don takaici."

"Inna Zuwaira!" Baturiya ta ɗago a firgice. "Ki ji tsoron Allah, Inna..."

"Kun ji ko? Har da rashin kunya!"

Salati ya cika gidan. Hajiya ta sake tambaya, ta sake, amma Baturiya ba ta ce komai ba sai, "Ban sayar ba, Hajiya, Allah ne shaidata." Da aka rasa yadda za a yi, Hajiya ta miƙa hannu ta kwance koren ɗankwalin daga kan Baturiya. Adda Halima ta kawar da kai tana goge ido, ta ce, "Ni ba akuyar ce ta dame ni ba, Baturiya. Bakin marainiya kika cire wa nono." Wannan magana ta fi duka zafi!

Tun daga ranar duniya ta juya mata baya. In ta je rijiya mata su ja tulunansu gefe, in ta gaishe su a amsa da hanci. Ɗan akuyar ya yi ta kuka har ya kwanta bai tashi ba. Ta shiga gidajen maƙwabta da ɗan kofi tana roƙon a tatso mata ko kaɗan ne, wata ta ce akuyarta ta ƙafe, wata ta ce, "Ki je ki tatso hoda da jan-baki mana!" Ta kai Hasana ɗakin shan maganin da take sharewa da hannunta, ma'aikacin ya duba idon yarinyar ya girgiza kai ya ce ba allura take buƙata ba, nono take buƙata. Ta dawo tana tafe tana haɗa hanya, ta tarar da rediyon Baffa na tashin kiɗa a zaure, Zuwaira na kaɗa kai.

A kan sallaya ta zube bayan azahar, ta ɗaga yarinyar da ta koma kamar tsumma a hannu. "Ya Allah, ni na haƙura da mutuncina, a ce mini ɓarauniya har na mutu... amma wannan me ta yi? Ya Allah kada Ka karɓe ta ita ma, ita kaɗai ta rage mini!"

Ana cikin haka wata mata a unguwar ta rasa mijinta ya bar ta da yara ƙanana, ƙungiya ta yanke shawarar sayen wata akuyar. Hajiya Habiba da Adda Halima suka hau mota ranar kasuwa suka nufi Badafi. Suna shiga wajen dabbobi Adda ta ja ta tsaya cik, ta yi wani ɗan kira da harshenta... sai ga jar akuya ta fizge igiya ta nufo ta tana kuka!

"Malam, ina ka samo wannan?" Hajiya ta tambayi mai ita, wani falke da ake kira Idi.

"Wannan? Ai Labaran na Ƙofa ne ya kawo mini ita a keke, ya ce matarsa ce ta gaji da kiwo. Hajiya ko kun san shi?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Mun zalunci marainiya, Adda! Mun zalunce ta!"

A ƙofar gidan dagacin Ƙofa aka tara su, ga Baffa Labaran, ga Idi, ga akuya, ga jama'ar gari. Baffa Labaran ya fara rantse-rantse, Idi ya ce, "Haba Labaran, ba kai ka ce na yi sauri kada a rufe shagon mai rediyo ba?" Wurin ya kaure da ihu. Dagaci ya sa aka ɗauko rediyon da keken aka miƙa wa Idi a madadin akuyar, ya ce daga yau riƙon marayun nan ya fita daga hannun Labaran, kuma kada ya sake zama a majalisar dattawa. Zuwaira kuwa a gaban kowa Hajiya ta kwance mata ɗankwali, ta fice tana rufe fuska, mata na bin ta da Allah wadai.

Baturiya ba ta tsaya kallo ba. Da gudu ta durƙusa gindin akuyar da ɗan kofinta, ta matsa... ta sake matsawa... Wayyo! Ko ɗigo babu, nonon ya ƙafe a hannun falke! Ta ɗora kai a jikin dabbar ta fashe da wani irin kuka da ya sa har maza sunkuyar da kai.

Adda Halima ce ta ɗago ta. Ta kwance wata 'yar ƙwarya daga kayanta, nonon da ta tatso ta tafasa da safe ne don guzurin hanya, ta zauna a ƙasa ta karɓi Hasana a cinyarta. "Ki yafe mini, 'yata. Da bakina na soke ki alhali kina rufa wa wani asiri. Yau a ruga za ku kwana, ɗakina ɗakinki ne, akuyoyina kuma duk na Hasana ne."

Ta ɗiga wa Hasana a baki. Ɗan maƙogwaron ya motsa... ya haɗiye... bai dawo ba! Sai ga ɗan siririn hannun ya ɗago ya kama yatsan Adda, bakin yana neman ƙari.

"Tana sha!" Baturiya ta ƙwala ihu, tana dariya tana kuka. "Hajiya ku duba, wallahi tana sha! Adda ƙara mata... ƙara mata!"