Wayar Da Ba Ta Da Riga

Da hantsi Munir mai shagon waya ya buɗe kwalin sabuwar waya a gaban mai ita, Alhaji Khamis, sai ga guntun sabulu a mazaunin waya. Wayar mai madannai ce, tun daga Legas aka yo odarta, don Alhaji dillalin hatsi ne mai kaurin yatsu, kullum yana rubuta wa direbobinsa saƙo, gilashin wayar shafawa kuwa ba ya jin maganarsa.

Kafin Sufeto Azumi ta iso shagon da ke bakin babbar kasuwar Suleja, Munir ya riga ya yanke hukunci. A gaban jama'a ya kira Sa'ida mai jiran shagonsa ɓarauniya, ya karɓe makullai. Abin tausayi ne, don a kasuwa in sunan mutum ya ɓaci, ko tsintsiya ba mai ba shi ajiya.

"Wa ya san wayar ta iso?" in ji Sufeto.

"Ni, da ita, da Kefas mai gyara, sai abokina Taufiq da ke zama nan in ya taso aiki daga Abuja," in ji Munir.

Kefas ya nuna tikitin mota, yana Kaduna tun shekaranjiya, sai yau ya dawo. Taufiq kuwa dariya ya yi. "Ranki ya daɗe, me zan yi da wayar tsofaffi?"

"Ke fa?"

"Hajiya, ni na share ta, na mayar kwali. Wallahi iyakata ke nan," in ji Sa'ida.

Sufeto ba ta bi masu sayen tsofaffin wayoyi ba. Layin masu sayar da rigar waya ta shiga, rumfa rumfa, har ta kai rumfar wata Adaobi.

"Wani ya zo jiya," in ji Adaobi. "Bai nuna waya ba, tsinken tsintsiya biyu ya kawo, wai tsawo da faɗi. Na ce oga, wannan faɗin babu shi a kasuwa, je wurin baduku."

A rumfar baduku Sufeto ta samu benci ta zauna. Rigar fata ja tana rataye, an gama ɗinki. Bayan la'asar mai ita ya zo karɓa, har ya zaro wayar daga aljihu zai gwada. Taufiq ne.

Da suka koma shago ta yi wa Munir bayani. "Irin wannan waya guda ce a garin nan, duk wanda aka kai wa zai gane ta, saboda haka ba ta sayuwa. Wanda ya ɗauka so yake ya riƙe. Mu kuwa kun san halinmu, ko cajin farko ba ma bari sabuwar waya ta yi tsirara. Riga kawai na bi."

Taufiq ya sunkuyar da kai. Ashe kushewar da yake yi, ta mai son saye ce.

Munir ya miƙa wa Sa'ida makullai, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yi haƙuri, ki koma bakin aikinki."

Ba ta karɓa ba. Ta nuna masa ƙofar shago, inda 'yan kasuwa suka yi cirko-cirko.

"A can ka faɗa, Yallaɓai. Je ka can ka janye."