An Matso da Ranar Jarrabawa

A wani ƙauye, an yi wata yarinya mai burin shiga sakandaren gwamnati ta birni, inda sai an ci jarrabawa ake shiga, guraben kuma kaɗan ne. A ajinsu akwai wata 'yar ruga da kullum take zuwa ta ɗaya.

Rannan malam ya ce, "An matso da jarrabawa, jibi ne." 'Yar rugar kuwa tana gida da zazzaɓi, ba ta ji ba.

Zuciyar yarinya ta ce, "Yi shiru, kar ki gaya mata." Ta zauna cin tuwo, tuwo ya ƙi ciwuwa. Zuciya ta sake cewa, "Yi shiru." Ta buɗe littafi, karatu ya ƙi shiga.

Sai ta miƙe. "Inna, zan je ruga."

Ta ratsa gonaki, ta tsallake rafi, ta kai labari. 'Yar rugar ta ce, "Da ba ki zo ba, da na rasa!"

Da sakamako ya fito, 'yar rugar ce ta ɗaya. Yarinya ta tsaya tana jira, har malam ya kira sunanta can ƙarshe. Ta yi ajiyar zuciya, ta sheƙa gida tana ihu, "Inna, har da ni!"