Minti Biyu a Ƙofar Baffa

"Sauko, Moutari... don girman Allah ka sauko!"

A zuciyata nake faɗa, ina laɓe a bayan ƙyauren zauren Baffa Abdulbaƙi a Djougou, idona a tsagar katako.

Bai sauko ba.

Jar motar nan mai kujera biyu tana ƙofar gida, injinta na gurnani a hankali, shi kuwa yana zaune ya ƙura wa allurar mai ido. Baffa, yayan mahaifina, mutumin da ba ya miƙewa don kowa, ga shi tsaye cikin rana da sandarsa, dattawa huɗu a bayansa.

Motar ta Babana ce. Ya saye ta hannun wani Bafaranshe mai harkar auduga lokacin da gwamnatin juyin juya hali ta karɓe kamfanoni, Turawa suka yi ta tattara komatsansu. Da Baba ya rasu, ta shekara biyar a gindin mangwaron gidanmu na Albarika, a Parakou, kaji na ƙwai a cikinta. Duk wanda ya taya, kuka nake sa wa Inna har ya tafi.

Sai ga Moutari, makanike ɗan Damagaram, da ke aiki a garejin Malam Usuman. Keken ɗinkin Inna ya zo dubawa, ya ƙare a ƙarƙashin motar.

"Mademoiselle, wa ya kashe wannan amaryar?"

"Ba ta mutu ba, barci take."

"To ni zan tashe ta. Ladana kunu, kullum."

Wata takwas yana shan kunun. Ban san ranar da na fara jiran ƙarar babur ɗinsa ba, na dai tsinci kaina ina sa kwalli don kai kunu.

Inna ta ce ita ba ta da ta cewa, aurena a hannun Baffa yake. Baffa kuwa ya aiko cewa bai ga dalilin ba baƙo 'yar ƙaninsa ba alhali ga Sanoussi, ɗan ƙanwar matarsa, mai manyan motoci uku. Da ƙyar ya yarda Moutari ya zo ya gan shi.

Ni na kawo shawarar ya je da motar Baba. Na san Baffa ya fi son ƙanin nan nasa a kan kowa.

Moutari ya sake wa injin komai, amma bai gamsu ba. Wata rana ya zo da wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi, ya ce daga wata motar da ta yi hatsari ya ciro.

"Turbo ke nan, Lauratuna. Hayaƙin da moteur, wato injin, ke zubarwa shi ke juya shi, shi kuma ya hura wa moteur iska. Tsohuwa ta koma budurwa!"

"Ni dai kada ka kashe mini ita..."

"Sharaɗinsa ɗaya. In ya yi doguwar tafiya, ba a kashe shi da zafi. Deux minutes, minti biyu, a bar shi yana aiki mai ya sanyaya shi. In ba haka ba ya ƙone, ya ja moteur su tafi tare."

Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Ita kaɗai ta rage mini ta Baba. Ka yi mini alkawari, ko me ake ciki, ba za ka kashe ta da zafi ba."

"Na yi, ma chérie. Ko sama za ta faɗo."

Wayyo ni Lauratu, da bakina na nema!

Na riga Moutari zuwa gidan Baffa. Ranar da ya iso Djougou, tun daga kwanar kasuwa muka ji shi. Turbo yana da wata ƙara siririya, sak mutum na fito. Baffa ya ɗaure fuska, don a gidansa ko yaro ba ya yin fito. Amma da ya hango jar motar, sai ya tashi. Ya fita da ƙafarsa.

Moutari ya ɗaga hannu daga ciki, alamar a ɗan yi masa haƙuri.

Sanoussi yana da manyan motoci, ya san sarai abin da ke faruwa. Ya matso kusa da Baffa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ka gani ko? Ya yi wa 'yarka fito a ƙofar gidanka, yanzu kuma jira yake ka buɗe masa ƙofa. Yaran yanzu an gaya musu kowa camarade ne, kowa aboki, ba babba ba yaro."

Wani dattijo ya yi salati.

Lokacin da injin ya yi shiru, Moutari ya diro, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa.

"Baba, ina wuni..."

"Wallahi tallahi," in ji Baffa, "muddin ina numfashi ba za ka auri 'yar ƙanina Nouhou ba!"

Ya juya ya shige. Ya wuce ni a zaure kamar bai gan ni ba.

Na bi shi har turaka, na durƙusa na riƙe ƙafarsa.

"Baffa, laifina ne! Ni na sa shi alkawari. Motar ƙaninka yake tsarewa!"

"Na rantse, Lauratu."

"Ka yi kaffara, Baffa. Mutum goma ne, ni zan dafa musu da hannuna!"

"A gaban mutane na rantse. Tashi ki ba ni wuri."

Sanoussi ya yi ta aiken neman aurena har ya gaji. Na ce ko maza sun ƙare. Baffa bai tilasta ni ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba.

Sau uku Moutari yana komawa Djougou a motar haya, sau uku ana ce masa Alhaji ba ya ganin kowa. Bayan na ukun ya zo Albarika da hantsi, ya miƙo mini makullin motar.

"Na samu aiki, bin manyan motoci zuwa Arlit. In ina ganinki kullum haukacewa zan yi."

"Da ka kashe ta, Moutari... da ka bar ta ta ƙone!"

"Da wane ido zan dube ki?"

"Mota ce fa! Ƙarfe ne kawai!"

Ya yi murmushi, idonsa jawur.

"Ba haka kika ce mini ba, Lauratuna."

Wata bakwai ban taka Djougou ba. Na rame har abokan aikina a ofishin auduga suka daina tsokanata. Ashe Baffa bai zauna ba. Direba bayan direba yake kira yana tambaya ko gaskiya ne akwai injin da ba a kashewa da zafi. Duk suka ce gaskiya ne.

Wata Laraba sai ga shi a gidanmu.

"Jiya na ciyar da mutum goma," ya ce, bai dube ni ba. "Ɗauko mayafinki ki kai ni garejin. A aika wa Moutari ya dawo."

Ban san lokacin da na yi guɗa ba!

Malam Usuman yana ganinmu ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya shimfiɗa wa Baffa tabarma, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji... shekaranjiya direbobi suka kawo labari. Bayan Tahoua ne. Yana ƙarƙashin mota yana gyara, jak ya zame. Yau kwana tara da binne shi."

Sandar Baffa ta faɗi. Ni ban yi kuka a wurin ba, na dai ji ƙasa ta yi nisa.

A gida na tuɓe 'yan kunne da awarwaro, na tambayi Inna farin zanen da ta yi wa Baba takaba da shi. Ta rungume ni tana kuka.

"Lauratu, babu takaba a kan wadda ba a ɗaura wa aure ba. Kwana uku kike da shi."

Baffa yana tsakar gida, ya ji. Ya rufe fuska da hannun riga.

Kwana ukun na yi. Ran na huɗu Inna ta miƙo mini 'yan kunnena, na sa, na tafi ofis.