Kunnen da Ke Kan Rufi

Gidan yana tsakanin babban titi da layin dogo, kuma duk wanda ya ce maka ana sabawa da ƙara, ƙarya yake yi. Manyan motoci ta gaba, jirgin kaya ta baya. Kofuna rawa suke yi a kan kanta, tsohuwar gidan kuwa, Inna, ta daina jin sallama sai an dafa kafaɗarta.

'Yar Inna ma'aikaciyar ofishin muhalli ce, aikinta auna ƙara, shi ya sa unguwa ke ce mata Mai-awo. Ta daɗe tana auna wa wasu unguwanni ana gina musu katangar tare ƙara, sai bana layi ya zo kan tasu. Sharaɗin aikin ɗaya ne. Na'ura za ta yi mako a kan rufi tana saurare, duk ƙarar da ba ta mota ko jirgi ba a cire ta. In abin cirewa ya yi yawa, awo ya lalace, katanga ta tafi wata unguwa.

Ranar da ta kafa sandar na'urar, mai kan baƙin soso kamar dunƙulen hannu, magariba ta sauka a hankali. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Auta, 'yar Mai-awo, tana shafa wa kakarta man zafi a gwiwa. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwam! Wani ya biyo shi. Mai-awo ta fita da tocila ta zagaya gidan, ba yaro, ba babba. Da ta ɗauki dutsen, ɗumi ne da shi.

Haka kullum da magariba, daidai lokacin da jirgi ke wucewa, lokacin da awon ya fi muhimmanci. Da safe ta sa abin saurare a kunne tana cire ƙarar jifa daga awon ɗaya bayan ɗaya, ranta na tafasa. Inna ta ce, "'Yar nan, ki sauke abin nan, ba mutum ke jifa ba."

"Ko waye, ya yi ta yi," in ji ta. "Ba ya sauka."

Sai abin ya koma kan Auta. Wata magariba yarinyar ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta faɗi a bakin ƙofa, ta tashi da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. A nan ne tsoro ya shiga Mai-awo, tsoro na gaske. Aka kira malamin da ke ruƙiyya.

Malam ya zauna, ya yi ta karatu a natse, yana ɗaga murya duk sanda mota ta wuce. Can Auta ta buɗe ido.

"Waye kai, me ya kawo ka?" in ji Malam.

"Tsohon mazauni ne," in ji muryar. "A ƙarƙashin gadar dogo nake da iyalina. Ƙarfe ya hana 'ya'yana barci, muka dawo cikin rufin nan. Yanzu kuma an kafa mana kunne a ka, ana sauraren sirrinmu. Ta sauke shi, in saki yarinya."

Malam ya dubi uwar. "Baiwar Allah, kin ji."

Wallahi, wata uwar da tuni tana kan tsani. Mai-awo hawaye na zuba, amma ta matso ta durƙusa gaban 'yarta.

"Kai, wa ya damu da sirrinka? Kai ka gudo daga ƙara, mu ina za mu gudu? Ka dubi tsohuwar nan, ƙarar da ta kore ka ita ta cinye mata kunne."

Ta ɗauko abin sauraren ta ɗora a kan Auta, ta kunna abin da na'ura ta ɗauka jiya. Jirgi ya taso a ciki. Muryar ta kurma ihu.

"Abin da kunnen yake ji ke nan," in ji Mai-awo. "Shi zan kai a gina katanga. Duk dutsen da ka jefa, katangar kake rushewa, ta 'ya'yana da ta 'ya'yanka."

Sai muryar ta sassauta, ta koma ta ciniki. "To, in taimaka. In kira danginmu mu yi ruri da jirgin, awonki ya ninka."

"A'a. Ban taɓa ƙarya a awo ba, ba zan fara da aljani ba. Ka fita daga jikin 'yata, ka kama bakinka. Shi ne taimakonka."

Malam ya ɓoye murmushi, ya ɗaura masa alkawari da sunan Allah. Auta ta yi atishawa, ta lafe a jikin uwarta, ta ce ƙishirwa take ji.

Sauran kwanakin ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Awo ya tsira da ƙyar, aka amince da katanga.

Tun kafin a amince, ranar da Mai-awo ke tace sauraro na ƙarshe a ofis, ta zo daidai wurin da na'ura ta ɗauki magariba. Kafin jirgi ya iso sai ta ji kukan jariri siriri, dab da kan soson, inda babu mahaluƙin da zai iya tsayawa. Sai muryar nan mai kauri, ƙasa-ƙasa: "Yi shiru mana, ana awo."

Ta saurara sau biyu. Sannan ta cire wurin kamar yadda doka ta ce, tunda ba mota ba ce, ba kuma jirgi ba.