Kyautar Zaharadeen

Alhaji Uwaisu na Wurno ba shi da wata jaraba sai tara tsofaffin agogunan bango, irin masu nuna rana da wata. Shi ya sa ranar da amininsa na ƙuruciya, Zaharadeen, ya kawo masa wani baƙin agogo kyauta daga Goronyo, ya miƙa hannu biyu ya karɓa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Da almuru, ana alwala, sai agogon ya juya ranarsa shi kaɗai. Sauran agogunan suka yi tsit. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa Khaulat, wadda ke kwashe shanya, ta tsaya cak, ta fara lissafa ranakun mako da muryar tsoho.

Haka aka yi ta fama duk magariba, yarinya tana ramewa, har aka ɗauko Malam Ɗahiru daga Rabah. Ya zauna ya yi ta karatu, Khaulat tana makyarkyata.

"Mi kaka nema ga ɗiyar mutane?" in ji Malam.

"Ni ba ɓarawo ba ne," muryar ta amsa daga bakin Khaulat. "Cikin agogon nan nike tun kakan Zaharadeen. Ɗiyar Zaharadeen nike riƙe da ita da can. Aka hwaɗa mishi ba ni barin ta sai ya ba da ni kyauta ga gida mai ɗiya, an amsa da hannu biyu."

Malam ya ƙara murya, muryar ta yi kuka, ta ce a mai da ita inda ta fito, ga 'yar Zaharadeen.

"A'a," in ji Uwaisu a hankali. "Waccan ma ɗiya ta."

Daga ƙarshe muryar ta yarda a binne agogon a bakin Gulbin Rima, kada a sake wana shi. Khaulat ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Tsakuwa ta ɗauke.

Uwaisu ya zauna yana kallon ƙusar da ta rage a bango, zuciyarsa tana ƙuna. Sai a lokacin ya tuna: ranar kyautar, Zaharadeen bai kalli ko ɗaya cikin agogunansa ba. Tun daga zaure abu ɗaya ya tambaya.

"Khaulat tana nan gida dai ko?"